Idan Linux ta ƙi sabuntuwa: yadda ake gano layin rumbun da ya ɓaci a gyara shi ba tare da an goge kwamfuta ba

Daga Mubi nake rubuto wannan, kuma don masu sana'ar gyaran kwamfuta da masu shagon bugun takardu na yi shi, duk da cewa wanda yake da kwamfutar kansa a ɗaki ma zai amfana.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kiran da nake samu daga abokan da muka yi zaman Ikeja tare ya ƙaru. Da yawa daga cikin tokumbon da ke hannun mutanenmu ba sa ɗaukar Windows 11, don sai injin yana da TPM 2.0 kuma bai tsufa sosai ba. Shi ya sa masu gyara suka fara zuba wa kwastomomi Ubuntu ko Linux Mint. Bayan wata biyu ko uku sai a dawo da kwamfutar, wai ta ƙi sabuntuwa, ta ƙi karɓar sabuwar manhaja. Abin da hannunmu ya saba da shi kuwa shi ne a goge komai a sake zubi. To ni dai abin da na gani, sau tari layi ɗaya ne tak ya ɓaci a cikin wani ɗan fayil, kuma kwamfutar da kanta take faɗin inda yake. Mu ne ba ma tsayawa mu karanta.

Na bar Mubi a ƙarshen Oktoban 2014 lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo garin, kamar dai dubban mutane. Daga Yola na wuce Legas, na sauka wajen 'yan uwa a Agege, na koyi gyara a Computer Village. Da abubuwa suka lafa na dawo gida na buɗe ɗan shago a Lokuwa. Kwastomomina galibi ɗaliban Federal Polytechnic ne da na Jami'ar Jihar Adamawa, masu bugun furojet da cike fom. Kwamfuta huɗu gare ni, duk tsofaffi, duk Linux Mint 21.2 ce a kansu.

Wata rana a 2024, daidai lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa furojet, tsohuwar firintata ta mutu, na aro wata wajen maƙwabci. Sai na ɗora mata direba kafin ta yi aiki. Na buɗe taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na rubuta sudo apt update, sai ga wannan:

E: Malformed entry 1 in list file
E: The list of sources could not be read.

Ba sabuntawa kaɗai ba, ko ɗora manhaja ɗaya ta ƙi. Ga ɗalibai uku a kan benci, ɗaya da safe za ta miƙa aikinta, kuma babi biyar ɗin da muka kwana biyu muna buga mata duk a kan injin nan suke. Na juya wajen ɗan yayata da ke koyon aiki a wurina na ce, "Kai, me ka taɓa?" Ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa komai ba, wata manhaja kawai na so in sa jiya, na kwafo abin da suka rubuta a shafinsu. Da ta ƙi sai na ɗan gyara." Wannan "na ɗan gyara" ɗin shi ne ya kashe mu.

Mene ne rumbun, kuma ina yake

A Windows mun saba mutum ya je shafi ya sauko da manhaja ya danna. A Ubuntu da Mint, da Debian wadda ita ce uwarsu, akwai rumbunan manhaja a intanet, kwamfutarka kuma tana riƙe da jerin adireshinsu. Wanda ya taɓa sayen shanu a kasuwar Mubi don lodin Kudu ya san ba ya bin kowace saniya da kansa, dillalai gare shi, kowanne da lambarsa a littafi. To apt update bugun waya ne ga dillalan: me kuke da shi yau? Ba ya sauko da manhaja ko ɗaya, jerin kaya kawai yake karɓowa. Shi apt upgrade ko apt install ne ke yin lodi. Idan lambar dillali ɗaya ta ɓaci a littafin, a nan rigimar take farawa.

Littafin yana wuri biyu. Akwai fayil ɗin /etc/apt/sources.list, akwai kuma folda /etc/apt/sources.list.d/ mai ɗauke da ƙananan fayiloli. A Mint, rumbunan asali suna cikin official-package-repositories.list a wannan folda. A Ubuntu 24.04 an mayar da su cikin ubuntu.sources, mai sabon tsarin rubutu, shi ya sa in ka buɗe tsohon sources.list a can za ka tarar kusan babu komai, kada ka tsorata. Duk manhajar waje da wani ya ƙara, galibi ita ma tana ajiye nata ɗan fayil a wannan folda.

Layi a tsohon tsari haka yake:

deb http://archive.ubuntu.com/ubuntu jammy main restricted universe multiverse

Gaɓa huɗu ne. Kalmar deb, sai adireshi, sai sunan fitowar, sai sassan rumbun. In ka zaɓi Najeriya lokacin zubi za ka iya ganin ng.archive.ubuntu.com, shi ma daidai ne. Gaɓa ta uku ita ce mai yawan jawo masifa. Kowace fitowar Ubuntu tana da laƙabi: 20.04 focal, 22.04 jammy, 24.04 noble. Dole laƙabin da ke layin ya dace da abin da ke kan injinka. Don ka san naka, rubuta:

cat /etc/os-release

ka duba layin UBUNTU_CODENAME.

Kafin ka taɓa komai, yi ajiya. Daƙiƙa biyu ce:

sudo cp -r /etc/apt /etc/apt-ajiya

Ko ka ƙara ɓata abin, kana da inda za ka koma.

Abin da ya faru da tawa

Saƙon Malformed entry yana zuwa da cikakken sunan fayil ɗin da lambar layin. A nawa ya ce layi na 1. Na buɗe shi da sudo nano, na ga yaron ya goge laƙabin gaba ɗaya, adireshi kawai ya bari da kalmar main. Gaɓa ɗaya ta ɓace, apt ya kasa karanta layin, idan kuwa ya kasa karanta layi ɗaya, littafin duka yake ajiyewa. Wannan shi ne nau'in da ke tsayar da komai cak.

Maganin gaggawa shi ne ka sa alamar # a farkon layin, ka danna Ctrl da O ka adana, Enter, sannan Ctrl da X ka fita. Layin da ya fara da # apt ba ya kallonsa. Ko kuma ka canja wa fayil ɗin suna da sudo mv, ka ƙara .disabled a ƙarshensa, shi ma apt zai tsallake shi shiru. In fayil ɗin mai ƙarewa da .sources ne, ƙara layin Enabled: no a cikin sashen da ya ɓaci. Ni # na sa, na sake apt update, ya wuce sumul, na ɗora direban firinta, yarinyar ta tafi da aikinta kafin magariba. Gyaran bai kai minti biyar ba. Da goge injin na yi, da sai na fara kwashe fayilolin mutane, sannan in ƙona data da man janareta wajen sake zubi.

Da dare na zauna na bi diddigin me ya sa yaron ya goge laƙabin tun farko. Shafin da ya kwafo umarnin na masu Ubuntu ne, kuma a cikin umarnin akwai lsb_release -cs, wanda ke tambayar injin laƙabinsa ya cike gurbin da kansa. A Ubuntu 22.04 amsar jammy ce. Amma Mint tana da nata laƙabin: 21 vanessa, 21.1 vera, 21.2 victoria, 21.3 virginia, dukkansu a kan jammy aka gina su, sai 22 wilma a kan noble. Don haka injina ya rubuta victoria, rumbun masu manhajar kuwa bai san wata victoria ba. Saƙon da yaron ya fara gani ke nan:

The repository ... does not have a Release file.

Shi kuma ya ga kalmar victoria a saƙon, sai ya goge ta. Gyaran gaskiya shi ne a canja ta zuwa jammy a wannan fayil ɗin kaɗai. Na nanata, a wannan fayil ɗin kaɗai. Layin Mint na asali mai adireshin packages.linuxmint.com dole ya zauna da victoria ɗinsa, don shi can ya san ta. Na taɓa ganin wanda ya bi duk fayilolin ya canja, ya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya.

Wannan saƙon na rashin Release file bai kai Malformed entry tsanani ba. Sauran rumbunan galibi suna sabuntuwa, amma apt yana ƙarewa da kuskure, manhajar sabuntawa mai hoto kuma ta riƙa nuna gargaɗi, har mai kwamfutar ya gaji ya daina sabuntawa kwata-kwata. A nan haɗarin yake, don gyare-gyaren tsaro na burauza ma ta nan suke shigowa. Saƙon ba ya faɗin sunan fayil, adireshi yake faɗi. Ɗauki wata kalma daga adireshin ka nema:

grep -rn kalmar /etc/apt/sources.list /etc/apt/sources.list.d/

Zai nuna maka fayil da lambar layi. Wanda ba ya son taminal, a Mint ya buɗe Software Sources ya duba PPAs da Additional repositories ya cire alamar wanda ya ɓaci. A Ubuntu, Software & Updates ne, sashen Other Software.

Idan fitowar ce ta mutu

Wani lokacin ba wanda ya taɓa komai, sai ka ga saƙon ya ce no longer has a Release file, ko 404 Not Found, kuma adireshin Ubuntu ne na asali. Duba lambar fitowarka. Canonical, kamfanin da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa, yana fitar da Ubuntu sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, tun 2004. Wadda ake kira LTS tana fita a Afrilun kowace shekara biyu, ita ce mai kulawar shekara biyar. Sauran wata tara kacal suke yi. 23.10 ta ƙare a Yulin 2024, 24.10 a Yulin 2025. Bayan sun ƙare ana kwashe kayansu daga archive.ubuntu.com a mayar old-releases.ubuntu.com. Dillali ya tashi daga rumfarsa, kai kuma kana ta buga tsohuwar lamba.

Wannan laifinmu ne masu gyara, gaskiya. Mutum ya ga lamba mafi girma a filashin abokinsa ya ɗauka ita ce mafi kyau, ya zuba wa kwastoma, bai san saura wata uku ta mutu ba. Gyaran wucin gadi shi ne ka buɗe fayil ɗin ka canja archive.ubuntu.com da security.ubuntu.com su koma old-releases.ubuntu.com. Apt zai dawo aiki, amma ka sani babu sabon gyaran tsaro da zai ƙara zuwa. Amfaninsa kawai ka samu damar yin do-release-upgrade, ko ka kwashe fayiloli cikin natsuwa ka zuba LTS. A wannan yanayin kaɗai nake yarda da sake zubi.

Kada kuma ka ce za ka yi wayo ka canja jammy zuwa noble a duk layuka don ka haura sabuwar fitowa. Haka nan samarin da ke ƙara rumbun Kali a kan Ubuntu ko Mint don suna son a ce su ma 'yan kutse ne. Apt zai karɓa, ya fara jawo kayan da ba su dace da juna ba, wata rana ka kunna injin allon ya ƙi tashi. Mutanen Debian har suna suka sa wa irin wannan haɗe-haɗen, FrankenDebian. Wannan ɓarnar ba a gyara ta da alamar #.

Maganar hatimi

Kowane rumbu yana buga wa jerin kayansa hatimi na sirri, injinka kuma yana riƙe da makullin da yake tantance hatimin. In makullin babu, za ka ga NO_PUBKEY da wasu haruffa da lambobi a bayansa. In wa'adinsa ya ƙare, EXPKEYSIG. A nan ne nake son a saurare ni da kyau, don in ka bincika intanet za ka ga masu cewa ka ƙara trusted=yes a layin, ko ka sa --allow-unauthenticated, gargaɗin ya ɓace. Zai ɓace kuwa. Amma abin da ka yi shi ne ka ce wa injin ya karɓi kaya ba tare da duba hatimi ba, kuma duk abin da apt ya ɗora da cikakken ikon mai gida yake shiga. Ka tuna me ke kan kwamfutar shago: hoton katin NIN na mutane, takardun banki, fasfo, sakamakon jarrabawa, ga burauzar da mai POS ke shiga asusunsa da ita. Amanar mutane ce, ba a buɗe mata ƙofa don kawai jan rubutu ya daina damunka.

Hanyar da ta dace ita ce ka koma shafin masu manhajar na asali, ba wani shafin da ya kwafo ba, ka bi umarninsu na yanzu. Galibi za su ce ka sauko da makullin ka ajiye a /etc/apt/keyrings/, sannan layin rumbun ya nuna shi da signed-by. Amfanin haka shi ne makullin wannan rumbun kaɗai zai tantance, ba duka ba. In umarnin da ka samu yana amfani da apt-key, tsoho ne, Ubuntu ta daɗe tana gargaɗin an daina yayinsa. In kuwa masu manhajar sun watsar da rumbun, ba sa sabunta makulli, to kashe layin ka nemi wata. Sau da yawa ma abin da yaro ke nema a waje yana nan cikin rumbun asali, apt search kawai bai yi ba.

Waɗanda ba laifin rumbu ba ne

Akwai saƙonni biyu da ke kama da matsalar rumbu alhali daga wajenmu suke, kuma a ƙasar nan sun fi yawa fiye da yadda littattafan Turawa ke nunawa.

Na farko, Release file is not valid yet, wato wai lokacin fayil ɗin bai yi ba tukuna. Agogon kwamfutarka ne ya koma baya. A cikin injin akwai ɗan batir mai kamar kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe lokaci in an kashe. A tokumbo ya riga ya gaji, ga shi ana ɗauke wuta ba adadi, babban batirin laftof ɗin ma ya daɗe da mutuwa. Sai injin ya tashi yana zaton shekarun baya muke, ya ga hatimin yau kamar daga gaba ya zo. Rubuta timedatectl ka ga kwanan watan da yake gani. Sudo timedatectl set-ntp true yakan sa ya daidaita kansa in akwai intanet, in ya ƙi ka gyara da hannu a saitin lokaci ko a BIOS, ka tabbatar yankin Africa/Lagos ne. Sannan ka canja batirin, in ba haka ba gobe ma sai ka sake.

Na biyu, saƙo mai kalmar NOSPLIT, wanda a ƙarshensa yake tambaya ko netwok ɗin yana buƙatar a shiga da izini. Kafin ka buɗe kowane fayil, duba datarka. In ta ƙare, ko kana kan wayfay ɗin otal ko makaranta mai shafin shiga, apt yana neman jerin kaya sai a miƙo masa shafin "sayi data". Na taɓa ɓata awa guda a kan wannan kafin na duba waya na ga saura sifiri. Ɗan uwansa shi ne Hash Sum mismatch, wanda ke zuwa in netwok ya yanke ana tsakiyar saukewa. In ya ƙi tafiya bayan ka sake gwadawa, goge tsohon jerin:

sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*

sannan apt update. Ka rubuta shi harafi da harafi yadda yake, kada tazara ta shiga tsakanin adireshin, don rm ba ya tambaya kuma ba ya mayarwa. Jerin kaya kawai ka goge, ba manhaja ba, amma zai sake sauko da shi duka, saboda haka a datar dare ya fi.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar upgrade, apt da kansa zai ce maka ka rubuta sudo dpkg --configure -a. Yi hakan, ka bi shi da sudo apt --fix-broken install. In kuma ka ga Could not get lock, wata manhajar sabuntawa ce ke aiki a bayan fage, ba ta minti kaɗan ta gama, kada ka yi saurin goge fayil ɗin kulle kamar yadda wasu ke koyarwa.

Ga masu kirana daga Ikeja ko Alaba ko Fatakwal, abin da nake roƙo shi ne a turo mini hoton allon duka, musamman layukan da suka fara da Err da E, tare da abin da cat /etc/os-release ya nuna. "Ta ƙi yi" ba ya gaya mini komai. A shagona kuma yanzu asusu biyu ne a kowane inji, na aiki wanda ba shi da ikon sudo, da nawa. Ɗan yayata ya samu kalmar sirrin bayan wata uku, ranar da ya gyara wa wani malamin firamare laftof mai saƙon not valid yet ba tare da ya kira ni ba. Batirin kwabo ne, naira kaɗan a kasuwa.